Babin Ganganci a Kundin Baba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Larabci a makarantar gwamnati a Ƙanƙara, kuma in aka tambaye ni yau abin da na tara, sai in ce ciwon baya da kalmomi. Kalmomin ma ba duka nawa ba ne. Rabinsu daga bakin Baba na tsince su, Allah ya jiƙansa, a zauren gidanmu da ke wani ƙauye can bayan Ruwan Godiya, ƙauyen da yau babu kowa cikinsa sai ƙadangaru.

Baba malamin zaure ne, kuma manomi. Da damina yana gona, da rani yana kan buzu. Yana da wani kundi da ya yi kusan shekara arba'in yana rubutawa shi kaɗai a ɗakinsa, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Ba tafsiri ba ne, ba fiƙihu ba. Kalmomin Larabci ne zalla na halayen ɗan Adam, ya kasa su babi-babi: babin haƙuri, babin rowa, babin kunya, babin jarunta, har babin yawan surutu. Ƙarƙashin kowace kalma ya sa fassararta da ajami, da irin Hausar da muke yi a gida, wadda ko tsohuwa mai kaɗi za ta gane. Takardun ba a ɗinke suke ba. Yakan tara su tsakanin fata biyu, ya ɗaure, ya zura a gafaka, ya rataye gafakar can sama a azarar ɗakin don kada gara ta kai gare ta. Hayaƙin shekaru ya mai da ita baƙa wuluk. Baƙo in ya leƙa ɗakin sai ya ɗauka jakar maganin gargajiya ce. Kundin nan shi kaɗai ne, ba shi da na biyu a ko'ina.

Mu biyu ne maza a gidan, ni da Auta, shekara goma sha biyu tsakaninmu. Ni Allah ya yi ni da zama. In aka ajiye ni a kan tabarma da hantsi, nan za a iske ni da azahar. Auta kuwa tun yana rarrafe ba a taɓa iske shi inda aka bar shi ba. Baba ba ya duka, ban taɓa ganin ya ɗaga bulala ba. Abin da yake yi shi ne ya dube ka, ya kira laifinka da sunansa na Larabci, ya fassara maka, ya ci gaba da abin da yake yi. Wallahi da ya doke ka ya fi sauƙi, don zafin bulala yana hucewa kafin magariba.

Akwai babi guda a kundin da kusan duk a kan Auta ya ƙare, babin ganganci da rashin zama wuri ɗaya. Kalma tara ne. Ran da Auta ya kasa zama har a gama wanke allo, Baba ya ce khiffa, rashin nauyi, mutumin da iska kaɗan ke ɗagawa. Ran da aka aike shi sayen gishiri ya bi maharba daji, ya ce ɗaishu, kibiyar da ta bar baka ta kama wata hanya daban. Da ya fasa wa wani yaro baki kafin yaron ya gama maganarsa, nazaƙu, saurin zabura. Da akuyar Inna ta faɗa tsohuwar rijiya ya bi ta ba igiya, har sai da aka tara maza shida kafin a fito da su su biyu, Baba ya tsaya bakin rijiyar ya ce tahawwuru, afka wa abu ba tare da duba mafita ba. Akuyar ta rayu, ta ma yi haihuwa uku bayan nan, amma ba wanda ya tuna da wannan. Sauran biyar ɗin sun zo a hankali, ru'una da hawaju da safahu, sannan taƙallubu da iɗɗirabu da ya girma ya kama sauya sana'a. Yana da shekara goma sha ɗaya Baba ya karɓe allonsa ya jingine, ya ce, "Tashi ka bi shanu. Ba ka da zaman karatu." Ni ina gefe ina gyaɗa kai, don a lokacin na riga na fara ganin kaina malami. Daga ran nan Auta bai sake tsallaka ƙofar ɗakin Baba ba. Har yau ba ya karanta ajami, ba ya karanta boko, sai 'yan surorin salla da ya riƙe da ka.

Sana'a kuwa babu wadda bai taɓa ba. Ya yi ɗinki wata bakwai ya ce kujera na cin bayansa. Ya yi facin taya a Faskari. Ya tafi Sabuwa ya shekara biyu yana sarin rake, ya dawo da mata da kaji ashirin. Kajin suka mutu a mako guda, matar tana nan har gobe, Allah ya saka mata da alheri. Daga ƙarshe ya sami mashin ya kama kabu-kabu, kuma ita ce kaɗai ta riƙe shi, ina jin don ita ce sana'ar da ba a zama wuri ɗaya. Da Baba ya rasu na gaji buzunsa, na gaji littattafansa, na kuma gaji kalmomin nan tara. Ban yi niyya ba. Bakina ne kawai ya ci gaba daga inda nasa ya tsaya, sai dai ni ba ni da sanyin muryar Baba, da faɗa nake jero su.

Littattafan ban kwashe su ba. Na kulle ɗakin na ce sai kafinta ya yi mini kabad mai gilashi a Ƙanƙara tukuna. Shekara shida ina faɗin haka. Duk ƙarshen rani Auta yakan hau soron ya sake yaɓe, ya gyara indararo, don ɗakin ƙasa in aka bar shi damina ɗaya ba yaɓe sai ya fara ɗiga, in aka bar shi biyu sai azara ta sauko. Ni kuma ina zuwa da hutu in sauke gafakar, in shanya takardun a cikin ɗakin, in mayar. Ban taɓa kiransa ya zo ya gani ba.

Sai zama ya lalace. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san yadda 'yan bindiga suka zo mana: yau an kore shanun wane, gobe an tare hanya, jibi an hana shiga gona. Bayan girbin wata shekara mutanen ƙauyenmu suka watse cikin kwana uku. Auta ya yi sawu huɗu a rana ɗaya. Ya kawo Inna ɗaure a bayansa da zani kada ta faɗo, ya kawo matarsa da yara, ya kawo buhun dawa biyu da tukwane. Ɗakin Baba yana kulle, makullin yana aljihuna a Ƙanƙara. Inna ta zauna wurina, shi ya kama ɗaki a bayan layinmu.

Damina ɗaya ta wuce a kan soron ba yaɓe. Da bazara ta kama, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, wani maƙwabcinmu da ya saci jiki ya je ɗauko garmarsa ya dawo ya ce mini rufin ɗakin Baba ya tsage daga kusurwar gabas, har hannu yana shiga. Ya ce, "Malam, ruwan farko in ya yi ƙarfi, ɗakin nan ba zai ga na biyu ba."

Daga ran nan na kama mita. A nan nake so in faɗi gaskiya, don na gaji da kare kaina. Ban aiki Auta ba. Na sha faɗin haka, kuma ba ƙarya ba ne, ban taɓa buɗe baki na ce masa je ka ba. Amma kullum da la'asar in ya zo gaida Inna, sai in zauna inda zai ji, in dubi gabas in ce, "Littattafan Baba dai sun tafi. Wahalar shekara arba'in, ruwa zai cinye." In an ce hadari ya haɗu wajen Funtuwa sai in yi tsaki in ture kwanon tuwo. Ni kaina ban je ba. Na ce ciwon gwiwa, na ce makaranta ba ta yi hutu ba, na ce bari a ji yadda hanyar 'Yargoje ta kwana. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ina jin tsoron hanyar nan, kuma ina son kundin, sai na riƙa ajiye maganar a gaban wanda na san ba ya iya jin abu sau uku bai zabura ba.

Wata rana da azahar na dawo daga makaranta na iske mashin ɗinsa a ƙofar gida, ɗaure da buhu biyu cike tam. Shi kuma yana zaune a dakali, ƙura har gira, yana shan ruwa a moɗa yana murmushi.

"Yaya, ga kayanka nan," ya ce. "Na ɓalle kwaɗon, ka yi haƙuri. Ban tsaya neman makulli ba."

Daɗi ya rufe ni, ba zan ɓoye ba. Ko sannu ban ce masa ba. Na durƙusa na kwance buhun farko. Littattafan bugu ne, masu bango da ruwan zinare, irin waɗanda ɗaliban Baba ke kawo masa tsaraba in sun dawo daga Makka. Na kwance na biyu, su ne dai. Ya zaɓo duk mai kauri, duk mai sheƙi, ya jera su da kyau, har ya sa tsummoki a tsakani kada bangon ya goge. Babu ɗaya cikinsu da ba zan samu a kasuwar Funtuwa ko Katsina ba gobe da safe. Na zazzage buhunan har ƙasa. Babu gafaka.

"Ina gafakar?"

"Wace gafaka?"

"Wadda ke rataye a azara. Baƙa."

Ya ɗan yi tunani. "Waccan tsohuwar jaka? Na gan ta. Na ɗauka layu ne da saiwoyi. Ai littattafai ka ce, Yaya."

Da na yi shiru a nan, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma ni ba a yi ni da shiru ba in raina ya ɓaci. Na miƙe a ƙofar gida, gaban mutanen layi, gaban 'ya'yansa biyu da suka biyo shi, na fara daga khiffa na gangaro. Na ce ɗaishu ke nan, a ce gabas ka dawo da yamma. Na ce ru'una, ka kai ranka bakin bindiga don ka kwaso abin da ake sayarwa a kan tebur. Na ce wa ya aike ka ma? Da ka tsaya minti ɗaya ka tambaya, amma ina, tahawwuru ba ya tambaya. Na ce shekara arba'in da huɗu, har furfura ta fito maka, ba ka san bambancin rubutun hannun ubanka da na inji ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi muni, kuma na san da haka tun tana kan harshena.

Da can in na yi wa Auta irin wannan yakan yi dariya ya ce, "To Malam, a rage wasu don gobe." Ran nan bai yi dariya ba. Ya ajiye moɗar a hankali, ya ce wa yaransa su wuce gida, ya tura mashin ɗin bai ko tayar da shi ba. Inna tana zaure tana ji. Da na shigo ta ce, "Wa ya koya mashi bambancin?" Na ce Inna ki bar maganar nan. Ta ce, "Na bari." Ba ta ƙara ba, kuma ba ta ci tuwon gidana ba ran nan.

Na yi niyyar in je in same shi da safe. Na yi niyya ƙwarai. Amma na ce bari in fara zuwa makaranta, ina da darasin farko, in na dawo zuciya ta ƙara sanyi. Da na dawo na iske matarsa a tsakar gidana da goyo. Ta ce tun bayan sallar asuba ya fita, bai ce mata ga inda za shi ba, sai dai ya ɗauki wuƙa, ya kuma tambaye ta ko tana da babbar leda wadda ruwa ba ya ratsawa.

Ba na son tuna wunin nan. Wayarsa tana shiga ba a ɗauka, daga la'asar ta daina shiga. Na je tasha na tambayi 'yan kabu-kabu. Wani ya ce ya gan shi ya wuce 'Yargoje da hantsi, wani ya ce tun azahar ba mashin da ya fito daga wajen Ruwan Godiya. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso tana kwasar shara, amma ruwan bai sauka ba. Na tsaya bakin titi ina duban hadarin, kuma ga abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa ba: ina cikin roƙon Allah ya dawo mini da ƙanena, wani lungu na zuciyata yana tambaya ko ya kai ga gafakar kafin ruwa. Na tsani kaina a kan wannan, har yanzu ban daina ba.

Ya kwana bai dawo ba. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini magana ba, tana kan dardumarta da carbi. Washegari ban je makaranta ba.

Sai bayan azahar wata motar itace ta tsaya a bakin layinmu, aka sauko da shi daga saman kaya. Ba mashin, ba takalmi. Rigarsa ta yage daga kafaɗa, ƙafafunsa sun kumbura, duk ƙaya da busasshen jini. Gafakar tana ɗaure a cikinsa ƙarƙashin riga, naɗe cikin leda.

Bai ja labarin ba, ni ma ban matsa ba. Ya shiga ƙauyen lafiya, ya yanko gafakar. A hanyar fitowa, wajen wani rafi, ya hango 'yan bindigan a kan mashina, su ma sun hango shi. Ya san a kan hanya ba zai tsere musu ba, nasu sun fi nasa gudu, sai ya yar da mashin ɗin ya faɗa kwazazzabo. Suka tsaya ɗaukar mashin, shi ya samu ya yi nisa. Ya kwana a daji, gari ya waye ya ci gaba da ƙafa har ya fito titi. "Sun fi son mashin ɗin a kaina," ya ce. "Ban ga laifinsu ba, ya fi ni amfani." Ba wanda ya yi dariya. Mashin ɗin nan shi ne tuwon gidansa shekara biyar cur.

Aka zaunar da shi a tsakar gida. Matata ta kawo ruwan ɗumi da gishiri a roba ya sa ƙafafun, matarsa tana cire masa ƙaya da allura. Ni ina tsaye riƙe da gafakar kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani, ban san inda zan sa ta ba. Na shirya maganganu da yawa tun jiya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu." Kusan shekara talatin ina koyar da harshe, abin da na samu ke nan.

Ya ce, "Ita ce dai ko?"

Na ce ita ce.

"To buɗe ka karanta mani. In ji abin da na ɗauko."

Na jawo 'yar kujera na zauna, na kwance igiyar. Takardun lafiya lau, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ƙanshin hayaƙin ɗakin Baba ya taso har Inna ta juyo. Takardun da ba a ɗinke ba suna da wani hali: inda aka fi yawan buɗewa nan suke rabuwa da kansu, don gefen ya yi laushi, ya yi duhu da yatsa. Ina sa hannu suka rabu. Da na ga kan babin na so in wuce, amma yana kallona, kuma ya ga na tsaya.

"Karanta nan ɗin," ya ce.

Na karanta, murya ƙasa-ƙasa. "Khiffa."

"Rashin nauyi," in ji Auta. "Mutumin da iska kaɗan ke ɗagawa."

Na dubi takardar. Haka yake a rubuce, ba ragi ba ƙari.

Ban kai ga ta biyu ba ya riga ni. "Ɗaishu, kibiyar da ta bar baka ta kama wata hanya daban. Nazaƙu, saurin zabura. Tahawwuru, afka wa abu ba tare da duba mafita ba." Idonsa yana kan ruwan robar, ba ya ko duban takardar, to me zai gani a ciki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ru'una, wauta da garaje a ƙwarya ɗaya. Hawaju, guguwar da ke yaye rufin ɗaki. Safahu, wanda ba a ba shi riƙon abin kansa. Taƙallubu, yau nan gobe can. Iɗɗirabu, ruwan da aka girgiza a tulu ya ƙi kwanciya. Har da yadda Baba ke jan ƙarshen kalma. Ɗalibaina na aji shida, waɗanda nake koya wa da alli da allo, babu wanda zai kawo kalma tara a jere da fassararsu haka ba tuntuɓe. Yatsana yana bin layi, kunnena yana bin bakinsa, har muka kai ƙarshen shafi tare.

Matarsa ta tsaya da allura a hannu.

"Ashe ni ma na yi karatu," ya ce. Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatse ne da na ji sauƙi. Ya ɗan motsa ƙafarsa cikin ruwan. "Duk littafin haka yake? Zagi ne tun daga farko har ƙarshe?"

Na ce a'a. Na ce babi talatin da wani abu ne, akwai na haƙuri, akwai na kyauta, akwai na jarunta mai kalmomi fiye da ashirin, shi ne ma ke gaban wannan, takarda ɗaya ce tsakaninsu.

"Takarda ɗaya," ya ce. "Ban taɓa jin ko guda ba."

Na ce bari in karanta masa yanzu. Har na kama takardar zan juya, ya ɗaga hannu ya ce a bari, ya gaji, kansa na sarawa, wata rana ya zo. Aka kama shi aka kai shi ɗakinsa. Da la'asar sakaliya ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa. Bayan kwana goma muka ji ɗakin Baba ya rufta.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, irin gyaran da mutum kamata ya iya. Na ce zan nemo masa wani mashin, ya ce a'a, kada in wahalar da kaina. Bai yi fushi ba, bai daina gaishe ni ba, in mun haɗu yana rusunawa kamar kullum. Abin da ya daina shi ne dariyar nan da yake yi in na fara faɗa. Ni kuma na daina faɗan, sai muka rasa abin da za mu ce wa juna bayan gaisuwa. Da ƙafarsa ta warke ya kwashi iyalinsa ya koma Sabuwa wurin dangin matarsa, yana ƙwadago a gonakin rake. Mutanen layi suka ce Auta dai ba ya zama. Na ji taƙallubu ta taso mini har maƙogwaro, don baki ya saba, na haɗiye ta.

Kabad ɗin an yi shi daga baya, mai gilashi, kamar yadda na yi ta faɗi. Kundin yana ciki. Na yi ritaya bara, ina da lokaci yanzu fiye da yadda nake so, na karanta shi daga farko har ƙarshe sau biyu. Akwai babin tsoro, akwai babin jinkiri da sai gobe. Na ga kaina a cikinsu ba sai an nuna mini ba, amma Baba bai taɓa kirana da ko ɗaya ba, don ni ina zama inda aka ajiye ni. Babin gangancin ba na buɗe shi, shi yake buɗe kansa, sai in sa hannu in danne.

Tun ranar nan na sa tsinken tsintsiya a babin jarunta, don in ya zo kada in tsaya nema. Da sallar layya da ta wuce ya zo gaida Inna. Bayan an ci abinci na ce, "Auta, ga kundin nan fa, babin da na ce zan karanta maka." Ya dubi kabad ɗin, ya leƙa ya dubi rana, ya ce motar Sabuwa ba ta jira, kuma hanya ba ta son yamma.

"Bar shi, Yaya," ya ce. "Wanda na iya ya ishe ni."

Na raka shi har tasha, na tsaya har motar ta tashi, na dawo gida. Tsinken yana nan inda na sa shi.